Lambobin da Na Cika wa Yaya Haruna

Mu bakwai mahaifiyarmu ta haifa a unguwar Dilimi. Biyar sun riga mu gidan gaskiya, saura ni da Yaya Haruna. Shekararsa sittin da uku lokacin da ciwon ya fara, talatin da biyar daga ciki ya yi su yana koyar da lissafi a makarantun sakandare. Ba shi da mota, ba shi da gona, sai ɗakuna uku na gado. Yana da mata ɗaya, 'ya'ya huɗu, da kai ɗaya wanda duk danginmu muke aro idan namu ya ɗaure. Wannan kan shi ne aka ba ni tsaro. Na rubuta abin da na yi da shi ne domin wanda aka bar wa majinyaci ya karanta kafin tausayi ya ruɗe shi.

Sunana Sale, kayan gyaran mota nake sayarwa, na hannu. Da buhun fulogi na fara, yau ina da shago biyu. A sana'armu inji ba ya hawa kantar shago sai an wanke shi da fetur, an goge baƙin mai, ya yi ƙyalli. Ba ƙarya ba ce, haka kowa ke yi, mai saye ma ya sani. Na faɗi wannan ne don a san irin hannun da ya riƙe jinyar.

Tun da Yaya ya yi ritaya, benci na bakin shagona ya zama ofishinsa. Ƙarfe tara zai iso da hular sanyi, da biro a aljihu, da ɗan littafin wasan lambobin nan da ake kira sudoku. Abokinsa Mista Dung, wanda suka koyar tare, shi ke sayo littattafan biyu-biyu, su zauna suna tseren gamawa. Ni ban taɓa ganin amfaninsa ba. Sau ɗaya Yaya ya zaunar da ni ya yi mini bayani.

"Ɗauka babban gidan haya ne," in ji shi. "Sassa tara, kowane sashe gurbi tara. Masu haya su tara ne, daga ɗaya zuwa tara. Dokar mai gida ita ce, kada mutum ɗaya ya bayyana sau biyu a sashe guda, ko a layi guda, na kwance ko na tsaye. An riga an zaunar da wasu. Kai za ka zaunar da sauran."

"To ai sai a yi ta gwadawa har ya dace."

"Shi ya sa kake sayar da ƙarfe. Ba a canka. Ba ka cewa wa zan sa a nan. Cewa kake, biyar ɗin nan, ina ne kaɗai ya rage mata? Ka kore ta daga nan saboda akwai 'yar'uwarta a layin, ka kore ta daga can saboda akwai wata a sama. In gurbi ɗaya ya rage, nata ne dole. In biyu suka rage, ka janye hannunka ka tafi wani wuri. Wanda ya canka sau ɗaya, zai yi ta gini lafiya lau, sai ya zo ƙarshe ya tarar da mutum biyu a gado ɗaya, kuma bai san inda ɓarnar ta faro ba."

Da biro yake yi, ba ya taɓa fensir. Yakan ce mai fensir tun kafin ya fara ya shirya yin kuskure. Mista Dung mai fensir ne, kullum sai sun yi faɗa a kan haka.

Wata Talata cikin damina, Mista Dung ya leƙa littafin Yaya ya fashe da dariya.

"Tica! Bakwai biyu a layi ɗaya? Da biro kuma? Oga Sale, zo ka ga yayanka, yau ya faɗi jarrabawa!"

Na zo na gani, na taya shi dariya. Na ce tsufa ya zo karɓar kuɗin haya. Yaya bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon bakwai ɗin nan biyu kamar wani ne ya rubuta su. Da aka kawo shayi, kofin ya suɓuce daga hannunsa na hagu ya zube masa a ƙafa. Muka ce sanyi ne.

Makon farko a hannun masu shawara ya ƙare. Mai kemis na kan kwana ya ce zazzaɓin cizon sauro ne da taifot, ya ba da allurai. Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu da ke Kabong, ta zo da kanta a keke-nafef ta ce ita tun da daɗewa ta san za a yi haka: mutum ya zauna yana jera lambobi a cikin akwatuna kamar mai zana hatimi, ai dole wani abu ya biyo shi. Ta kawo turare da man shafawa. Matarsa, Yaya Binta, ta dafa tafarnuwa da zoɓo. Ni na sayo kaji biyu na ce rashin cin abinci mai kyau ne. Ba wanda ya ce a gwada jininsa, har da ni.

A mako na biyu, muna zaune da hantsi, bakinsa ya karkace. Yana son ya ce mini in miƙo masa ruwa, maganar ta fito kamar ta mai tauna tuwo da zafi. Kamar minti goma sha biyar aka yi, sai bakin ya koma daidai, ya ce shi lafiyarsa lau, a ƙyale shi. Ban ƙyale shi ba, na sa shi a mota. Wannan kaɗai ne abin da na yi daidai a kan lokaci.

Ba zan ambaci sunan asibitin ba, domin a ciki na ga alheri na kuma ga abin takaici. Mun yi awa huɗu a kan benci kafin a buɗe mana kati. Mai ba da katin ya tafi cin abinci ya bar layi, mutane na nishi. Wata nas, ban ma san sunanta ba, ta wuce ta kalli fuskar Yaya, ta dawo da baya, ta nemo keken marasa lafiya da kanta ta tsallake da mu. Allah ya saka mata. Da aka ɗaura masa abin awo a hannu, ta sake awon sau biyu, ta kalle ni ta ce, "Da ƙafarsa ya zo?" Hawan jini ne, kuma ya daɗe yana hawa ba mu sani ba.

Kwana biyar ya yi a kwance. Injin hoton kai na asibitin ya lalace, sai da muka ɗauke shi zuwa wani wuri mai zaman kansa, a cikin ruwan sama. Na sayar da injin wata bas da na daɗe ina riƙewa, ban yi ciniki ba, ban kuma ji zafinsa ba. Likitar da ta riƙe shi mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ce jini ne ya ɗan tsaya a wani lungu na ƙwaƙwalwa ya sake wucewa. Abin da ta faɗa wanda ya zauna mini shi ne: "Ƙananan irin wannan su ke zuwa sallama kafin babban ya shigo."

Ranar sallama ta ga littafin a gefen matashinsa. Ta buɗe, ta ga shafuka cike da biro, babu gyara ko ɗaya, ta ce, "Malam, kai ne ka yi duk wannan?" Ya ce shi ne. Sai ta juyo gare ni.

"Kai ne mai kula da shi?"

"Ni ne, Dakta."

"Kullum ya yi guda ɗaya, mai sauƙi. A rubuta kwanan wata a sama. Kada kowa ya taya shi. Bayan mako uku ku zo mini da littafin. Ni ba na gidanku, wannan shi ne idona a can. In ka ga ya fara kasa abin da yake iyawa jiya, kada ka jira ranar da na ba ku, ku taho. Sai mu ɗauki hoton jijiyoyin wuyansa, mu duba ko za a canja magani."

Na ce to. Har na ji daɗi, na ce wasan banza ya zama magani.

Mako na uku da na huɗu sun yi kyau. Yana shan ƙwayoyinsa, an hana shi gishiri yana ta mita. Hannunsa na ɗan rawa, dole ya karɓi fensir. Mista Dung ya kawo masa guda mai magogi a gindi, ya miƙa masa da hannu biyu kamar mai ba da sandar girma, ya ce, "Barka da zuwa jam'iyyarmu." Yaya ya ce, "Aro na yi, ba rajista ba." Yana gama shafi ɗaya kafin azahar, a hankali, amma daidai.

A mako na biyar ne abin ya juya. Na leƙa na ga ya cika ɓangaren dama, amma layuka uku na hagu suna nan fayau, kamar ba ya ganinsu. Kuma tun da ba ya duba hagu, na daman ma suna karo da juna. Ya kai awa biyu a kan shafi ɗaya, irin wanda a da yake gamawa kafin shayi ya huce. Ya goge, ya rubuta, ya goge har takardar ta huje. Sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Yaya Haruna, wanda bai yi hawaye a gaban mutane ba ranar da muka binne mahaifiyarmu, yana kuka a bakin shago, makanikai na wucewa suna kawar da kai. Ranar bai ci abinci ba. Washegari ma haka.

A nan ya kamata in ɗauki makullin mota. An faɗa mini da Hausa, ban da uzurin rashin fahimta. Amma rana ta uku, da ya tashi zuwa alwalar azahar ya bar littafin a kan benci, na ɗauka na juya baya. Amsoshin duka suna can a shafukan ƙarshe, da ƙananan lambobi. Na goge guda biyu da ya sa ba daidai ba, na rubuta masa uku a hagu, ina kwaikwayon hannunsa. Na ajiye yadda ya bari. Ya dawo daga masallaci ya zauna, na ɗan tura littafin zuwa damarsa. Bayan rabin awa ya ce, "Sale! Zo ka gani." Ya gama. Ya ci tuwo malmala biyu a ranar.

Na ce wa kaina sau ɗaya ne. Washegari na sa biyar. Kafin mako ya ƙare, ɓangaren hagu gaba ɗaya nawa ne, na daman ma rabi na gyara. Na zama gwanin kwafa, cikin minti huɗu nake gamawa. Ban ɗauke shi ha'inci ba. A raina wanke inji nake yi, don mai shi ya ji daɗin kallonsa.

Ranar komawa asibiti muka yi sammako, muka samu lamba ta goma sha tara. Sai bayan azahar muka shiga. Jininsa ya sauka, yana magana sarai, har yana yi wa nas barkwanci. Likitar ta duba hannu da ƙafa a gaggauce, domin akwai mutane da yawa a waje, sannan ta karɓi littafin. Ta bi shafukan da yatsa, kwana bayan kwana, duk a cike.

"Ba wanda ya taya shi?"

Yaya ya ce, "Wa zai taya ni? Wannan?" Ya nuna ni da haɓa. "Wannan ko jadawalin bakwai bai haddace ba."

Ta yi murmushi ta kalle ni. Na yi murmushi na sunkuyar da kai. Ta ce to alhamdu lillahi, hoton wuya zai iya jira, a ci gaba da magani, mu dawo bayan mako shida.

A gida alamu suna ta magana. Yaya Binta ta tare ni a zaure ta ce, "Baban Amina, yayanka gefe ɗaya na kwano yake ci, sai na juya masa kwanon sannan ya ga sauran. Jiya ya buge kafaɗarsa da ƙofa sau biyu." Na ce, "Yaya Binta, ke likita ce? Dakta da bakinta ta ce yana samun sauƙi." Ta juya ta koma ciki. Ta yarda da ni, domin ni ne mai shiga ɗakin likita.

A mako na takwas ya kama ni. Ranar yana cikin hayyacinsa sosai, akwai ranaku irin haka. Ya dawo daga salla, ya ɗauki littafin, ya riƙe shi can ta damarsa, ya daɗe yana kallo. Mista Dung bai zo ba, mu biyu ne.

"Sale, zauna."

Na zauna.

"Ka ga huɗun nan? Lokacin da na tashi, wuri biyu take iya zama a sashen nan, nan ko nan. Babu abin da ya raba gardamar. Sai an samu takwas ta wancan layi kafin a san inda za ta, kuma takwas ɗin har yanzu ba a same ta ba. Wanda ya ajiye ta a nan ba lissafi ya yi ba, gani ya yi." Ya ajiye fensirin. "Shekara talatin da biyar ina kama masu satar amsa. Kai ne ka fi kowa rashin iyawa."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Tun yaushe?"

"Mako uku, Yaya."

"Kenan abin da muka nuna wa yarinyar nan likita, naka ne."

"Yaya, mu koma gobe. In faɗa mata gaskiya."

Ya rufe littafin. Mahaifinmu ma'aikacin kuza ne, ƙirji ya kama shi, wata huɗu ya yi a gadon asibiti kafin ya cika, kuma Yaya ne ya yi jinyarsa yana saurayi. Ya ce, "Na san warin wurin nan. In suka kwantar da ni, ba zan fito ba. Saura mako huɗu ranarmu ta zo. Ka bar ni in zauna a bencina. In ranar ta zo, da bakina zan faɗa mata."

"Dakta ta ce kada a jira."

"Ni ne yayanka ko ita?"

A kasuwa ba a taɓa juya ni da magana ba. Amma ban taɓa ce wa Yaya a'a ba tun ina yaro, kuma gaskiya ita ce ni ma ina jin kunyar tsayawa gaban matar nan in ce ni ne. Na ce to. Daga ranar ya daina yin kamar yana warwarewa. Zai tura mini littafin ya ce, "Ɗalibi, yi aikin gida," ni in kwafa, shi yana shan shayi yana gaya mini dalilin da ya sa kowace lamba ta zauna inda ta zauna. A waɗannan makonni na koyi wasan, ba da niyya ba. Ya yi dariya da yawa. Ya yi ƙiba ma kaɗan.

Saura kwana huɗu ranar asibiti, wata Alhamis da safe, ya sunkuya zai ɗaura takalmi a tsakar gida ya kife. Kafin in iso daga shago, ɓarin jikinsa na hagu ya tafi gaba ɗaya, idonsa a buɗe, ba magana. Wannan karon ba mu bi layi ba.

Kwana goma sha ɗaya ya yi. Abinci ta roba a hanci, fitsari ta roba. Ni da babban ɗansa muna juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, duk da haka ya yi. Wata rana iskar da ake sa masa ta ƙare, sai da na zagaya ɗakuna uku ina roƙo. Wata rana kuma wani ma'aikacin shara, da ya ga na kasa ɗaga shi ni kaɗai, ya jingine tsintsiyarsa ya kama mini. Gwaggo Asabe ta zo ta zauna tana ja masa carbi, ba ta ƙara maganar hatimi ba. Mista Dung yana zuwa kullum ya tsaya a ƙofa da hularsa a hannu, ya ce, "Tica, na zo," ya juya. An ɗauki hoton wuyan da aka ɗage. Jijiyar dama ta kusa toshewa gaba ɗaya.

A rana ta shida na tare likitar a baranda. Na faɗa mata komai, daga lambobi uku na farko har zuwa ranar da ya kama ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta cire tabarau ta murza idonta.

"Dakta, da na kawo shi tun lokacin, da ya tsira?"

"Ban sani ba, Alhaji. Wataƙila da an yi wani abu, wataƙila da ba a iya ba. Ba zan ce maka da ya rayu ba. Abin da zan ce, da mun gani." Ta mayar da tabaranta. "Ni ma ya kamata in ba shi takarda ya yi a gabana. Na ga layi a waje, na yarda da littafi."

Ya rasu ranar Litinin da hantsi, aka yi masa sutura bayan la'asar. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Bayan sadakar bakwai na shiga wurin Yaya Binta, tana cikin takaba, na durƙusa daga bakin ƙofa na faɗa mata abin da na faɗa wa likita. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Ranar da na yi maka maganar kwano, ka sani kenan?" Na ce na sani. Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma nema ba. Har yau muna gaisawa, ina kai abin da ya kamata in kai, amma in ɗanta ya yi zazzaɓi ba ni take kira ba.

Ga wanda ke riƙe da majinyaci: ku gwada jini tun kafin kofi ya faɗi. In likita ya ba ku abin awo, ko littafi ne ko takarda ko ƙirgen takun ƙafa, ku kai masa shi yadda yake, da muninsa. Kukan majinyaci a gabanka yana da zafi, na sani, amma shi ma saƙo ne, kuma ba kai aka aiko wa ba.

Ni ɗan kasuwa ne, ba na barin ciniki ban san yadda ya tashi ba. Daga ranar da na fara cika masa lambobi zuwa ranar da ya faɗi, kwana arba'in da biyar ne. A cikinsu ya ci abinci, ya zauna a bencinsa, ya yi dariya, bai sake kuka a gaban mutane ba. Wannan shi ne abin da na saya, kuma na san yawansa daidai. Abin da na biya da shi, ko kwana ɗaya ne ko shekara goma, ba wanda zai iya gaya mini, kuma daga cikin ransa na biya, ba daga nawa ba.